Jirgin da Gwaggo Ta Ce In Gano

Ba na rantsuwa a kan duk abin da za ni faɗa a nan. An ɗan jima da yin abin, kuma na lura idan na yawaita ba da labari, sai in kasa raba abin da idona ya gani da abin da bakina ya saba faɗa. Inda na tabbata za ni ce na tabbata, inda nake shakka kuma ba za ni ɓoye ba.

A gidanmu akwai wata al'ada da muke kira ganin abin hawa. Ban sani ba ko sauran gidajen Gobir suna yin ta. Na tambayi abokai a Sabon Birni da Isa, wasu suka ce sun taɓa ji, wasu suka yi mini dariya. Idan mace ko dattijo zai yi tafiya mai nisa, sai a tura namiji guda daga cikin dangi ya je ya ga abin da za a hau. A zamanin kakanmu raƙumi ne ko jaki, a duba ƙafafu, a shafa baya ko akwai miki. Da motoci suka zo sai abin ya koma tasha. Wanda aka tura zai zagaya motar, ya dafa jikinta, ya gaisa da direba ido da ido, ya ba shi goro. Daga nan ya dawo gaban matafiyin ya ce, "Na gani, a hau." Kalmomin ke nan, ba ragi ba ƙari. In kuwa bai gamsu ba, sai ya ce a jira wata. Yawancinmu mun daina kula da wannan tuntuni. Gwaggo ce ba ta daina ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Tozai, a gidan mijinta da ya rasu, kuma a hannunta na yi wani ɓangare na ƙuruciyata. Babban ɗanta, taubashina, direba ne. Yana jan wata tsohuwar mota mai ɗaukar mutane da buhuna tsakanin Isa da Sabon Birni ranakun kasuwa. Shi ke yi mata gani a duk tafiyarta. Ko motarsa za ta shiga, sai ya fita ya zagaya ta, ya dawo ya faɗi kalmomin, sannan ta ɗauki mayafinta.

Shekarar da kujerar Hajjinta ta fito, ta zo gidanmu a Sabon Birni yin ban kwana. Bazara ce, ana ta sharar gonaki ana kallon gabas. Bayan an gama gaishe-gaishe da neman gafara sai ta sa aka kira ni.

"Kai za ka yi min ganin jirgi," in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, ga ɗanki nan, shi ya saba."

"Shi mota yas sani. Wanga na 'yan boko na."

"Ni ilimin ƙasar noma na karanta. Ban taɓa shiga jirgi ba."

"Duk boko na," ta ce, ta juya tana tambayar mahaifiyata yadda ake ɗaure yaji don kada ya zube a jaka.

Ya kamata in bayyana abin da ya sa maganar ta yi nauyi. Gwiwoyin Gwaggo sun daɗe suna ba ta wahala, kuma da kyar ta tsallake gwajin lafiyar da ake yi wa maniyyata. Ba wanda ya furta, amma kowa a gidan ya san in ba ta tafi bana ba, da wuya likita ya sake barin ta baɗi. Na kuma san halinta. In ban faɗi kalmomin nan ba, ba za ta hau ba, ko da kuwa ta kai bakin ƙofar jirgin.

Na ɗauki aikin da gaske, wataƙila fiye da yadda ake bukata. Lokacin sahun farko na maniyyatan jiharmu ya riga ya tashi, hotuna suna ta yawo a waya. A ɗaya daga ciki na hango harufan da ke rubuce kusa da wutsiyar jirgin, waɗanda suke kamar lambar mota. Na rubuta su a waya na nema. Abin da ya fito shi ne an ƙera jirgin tun kafin a haife ni. Ya yi aiki a hannun kamfanoni daban-daban a ƙasashe daban-daban, ya taɓa zama a ajiye a wata hamada, sannan aka sake tashe shi. A ƙarƙashin wani hoto kuma wani mutum da ban sani ba ya rubuta cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe, daga jigilar alhazai sai ritaya. Ban samu inda aka tabbatar da wannan ba, ban kuma samu inda aka ƙaryata ba.

Na ci gaba da karatu kwana da kwanaki, tsakanin darasi da darasi a makarantar da nake koyarwa. Abin da na fahimta, in na fahimta daidai, shi ne ba da shekaru kaɗai ake auna tsufan jirgi ba. Duk lokacin da ya hau sama ana cika cikinsa da iska don mutane su iya numfashi, sai jikinsa ya ɗan buɗe, in ya sauko kuma ya koma. Wannan buɗewa da komawa ita ke gajiyar da ƙarfe, kamar yadda waya take karyewa in ana lanƙwasa ta ana miƙewa. Saboda haka tashi da sauka ake ƙirgawa, da awoyin da ya yi a sama. Jirgin da ke doguwar tafiya yana iya daɗewa a duniya bai ƙure adadinsa ba, alhali wanda ke ƙananan zirga-zirga ya riga shi ƙarewa. Na karanta cewa bayan wasu shekaru ana kwance jirgi kusan gaba ɗaya, a fitar da kujeru, a ɗaga daɓen, a bi ko'ina ana neman tsaga da tsatsa. Ana canza injuna. Kuma sau da yawa abin da ke sa a ajiye tsohon jirgi ba lalacewa ba ce, shan mai ne da tsadar babban gyara na gaba.

Duk wannan na kwashe na kai zaure wata rana bayan la'asar, don ina ganin bai halatta in ɓoye komai ba. Mahaifina yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Taubashina ya zo da lodi daga Isa, ya tsaya shan fura. Gwaggo tana daga ciki, kusa da ƙofa, inda take jin komai.

Ina kaiwa wurin shekarar ƙarshe taubashina ya ajiye ludayi.

"Tsaya, Malam. Maimaita wanga wuri."

Na maimaita, na ƙara da cewa ban tabbatar ba.

"To magana ta ƙare. Inna ta jira baɗi." Ya juya wajen mahaifina. "Kawu, motar da za a rabu da ita, wa ka yi mata juye? Wa ka sai mata sabuwar taya? Wanke ta akai, a goge taya da baƙin mai ta yi ƙyalli, a liƙe lagireto da sabulu. Ni na sani, don na gani da idona, ba a waya ba."

Mahaifina bai ɗaga kai ba. "Ku masu mota ke nan. San huɗa fa? Shekarar da za a rabu da shi ita ce shekarar jin daɗinsa. Dusa, harawa, kanwa, a ɗaure shi a inuwa ba mai taɓa shi."

"Sa don nama akan saye shi, Kawu. Jirgi wa ka cin namansa?"

"Masu ƙera tukwane."

Suka juyo gare ni su biyu. Na ce a abin da na karanta, idan aka ajiye jirgi ana cire injunansa da wasu sassa a sayar, kuma suna da daraja sosai, don haka mai shi yana da dalilin kula da su har ranar ƙarshe. Mahaifina ya gyaɗa kai. Na ce amma gangar jikin kam yawanci yankawa ake yi, ba mai sake amfani da ita. Taubashina ya tafa hannu. Na ce sai dai doka ba ta yarda a sassauta gyara don ritaya ta matso ba, jirgi ko gobe zai daina aiki dole yau ya cika sharuɗɗa.

"Doka," in ji taubashina. "Mu ma muna da doka. Ka taɓa ganin mota ta bar tasha da mutum uku kacal a baya, yadda dokar tac ce?"

Na ce ban san yadda masu wannan jirgi suke bin tasu ba. Mai yiwuwa suna bi sosai, don ƙasar da za a sauka ma tana da nata binciken. Amma ni ban gani ba.

"Wai kai ɗan kawu, in anka tambaye ka ko rana ta hito, sai ka ce bari ka bincika?"

Mahaifina ya yi dariya har ya ajiye ƙotar. Abin da ya fi burge shi a cikin duk bayanina shi ne ajiyar hamada. Ya ce waɗannan mutane sun san abin da suke yi, abin da aka ajiye a busasshen wuri ba ya ruɓa, ko gero ne.

Sai muryar Gwaggo ta fito daga ciki. "Ni ban aiki kowa gardama ba. Gani nac ce a yi min."

Da aka kira sahunsu zuwa sansanin alhazai a Sakkwato, ni da taubashina muka raka ta. Mun bi doguwar hanya mai zagaye, wadda direbobi suka ce ta fi kwanciyar hankali a makon. Bai sake tayar da maganar baɗi a gabanta ba, amma ni ya riƙa yi mini ita duk inda muka tsaya. Ya ce shi bai ƙi ta tafi ba, uwa guda gare shi. Ban ga laifinsa ba.

Washegari da hantsi muka nufi filin jirgi mu biyu. A nan ne muka yi abin da har yanzu nake mamakin yadda ban hango shi ba duk da karatun da na yi. Mun tafi ne da zaton za a bar mu mu shiga kamar tasha. Taubashina ya sayi goro fari manya, an naɗe masa a ganye. A bakin ƙofa wani ma'aikacin tsaro, mai furfura a gemu, ya tare mu.

"Ina zuwa, bayin Allah?"

"Jirgin alhazai munka zo dubawa," in ji taubashina.

"Daga wace hukuma?"

"Daga Tozai."

Mutumin ya dube mu, ya dubi ganyen goron. "Wannan fa?"

"Na direban na."

Ya yi dariya har ya dafa ƙarfen ƙofa, amma ba dariyar wulaƙanci ba. Ya ce tun da yake aiki a nan an zo masa da roƙo iri-iri, wannan kam sabo ne. Ya ce ko shi bai taɓa dafa jirgi ba. Sannan ya gaya mana abin da ya fi muhimmanci: jirgin ma ba ya nan. Ba ya kwana a filin. Zuwa yake yi ya kwashi mutane ya juya, kuma kafin ya sauka an riga an shigar da maniyyata ciki an tantance su, 'yan rakiya duk suna waje. Ya nuna mana wani wuri can gefen hanya, kusa da wasu gonaki, inda ake hango filin ta cikin shingen waya. Taubashina ya ba shi goro biyu, ya ce tunda direba ba rabonsa ba ne.

Muka koma sansani da wannan labari. Kwana ɗaya ko biyu bayan haka, ban riƙe ba, aka ce sahunsu ya shirya. Motoci suka jeru. Mata sanye da atamfa iri ɗaya suna ta hawa, ana kiran suna da lasifika. Gwaggo ta zauna a kan jakarta a gindin wata bishiya, ta miƙe ƙafafu.

"An gani?" ta tambaye ni.

"Bai iso ba tukuna, Gwaggo. Sai kun shiga zai sauka."

"To in ya iso a gani, sannan in tashi."

Wata mata mai kula da ayarinsu ta zo da sauri. "Hajiya, don Allah ki taso, mota ba ta jiran kowa."

"Ban zama Hajiya ba tukuna, ɗiyata. Ku tai, ina nan."

Matar ta dube ni, ni kuma na dubi taubashina. Ya kau da kai. Na tsuguna gaban Gwaggo na ce ga shawara: ta shiga tare da jama'a, mu kuma mu je bakin shinge mu tsaya. In jirgin ya sauka in gan shi da idona, in faɗa mata ta waya.

"Gani ta waya?"

"Gani da ido. Faɗin ne ta waya."

Ta dubi ƙasa. "Ba ka dafa shi ba, ba ka ga direba ba."

"Ba su bari, Gwaggo. Ko gwamna ne ɗan rakiya, iyakarsa ke nan." Ban tabbata wannan gaskiya ne ba, kuma na gaya mata ban tabbata ba.

Ta miƙa wa ɗanta hannu ya tashe ta. Ta ce, "In ban ji ba, ko ina kan matakala sai in sauko. Ka san ni."

Mun daɗe a bakin shingen. Akwai wasu 'yan rakiya da yawa, da mai sayar da ruwan leda, da wani manomi da ke ta sassabe bai ko ɗaga kai ba. Rana ta yi zafi ƙwarai. Bayan azahar aka fara nuna sama. Da farko ɗigo ne, sai ya zama abu mai faɗi, fari, mai injuna huɗu da ƙusumbi a gaba. Ban zaci girmansa ya kai haka ba. Ya taho a hankali kamar ba zai iso ba. Da tayoyinsa suka taɓa ƙasa sai hayaƙi ya tashi.

"Ka ga hayaƙi!" in ji taubashina, ya damƙe mini hannu.

Na ce na karanta cewa kowane jirgi yana haka, tayoyin ne ke haɗuwa da kwalta suna tsaye.

"Ka karanta," ya ce. Amma ya saki hannuna, ya karkata kai yana sauraron injin har jirgin ya juyo ya tsaya.

A jikin jirgin, ƙarƙashin farin fenti, ina ganin kamar na hango inuwar wani tsohon rubutu da aka shafe. Na yi ƙoƙarin karanta harufan da ke kusa da wutsiya, amma nisa da hucin rana suka hana. Ke nan ba ni da tabbacin cewa jirgin da na yi kwanaki ina bin tarihinsa shi ne wannan da ke gabana. Kamarsu ɗaya, iyakar abin da za ni iya cewa ke nan.

Wayata ta yi ƙara. Wata maƙwabciyarta a layi ce ta danna mata.

"To?" in ji Gwaggo. Ana jin hayaniya a bayanta.

Na ce, "Gwaggo, ya sauka lafiya. Kuma bisa abin da na karanta, irin waɗannan jirage, in dai ana kula da su yadda ya kamata…"

"Ba wannan nat tambaye ka ba. An fara kiran mutane."

Na dubi taubashina. Idonsa na kan jirgin. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ni ba ni faɗi, ba ni anka sa ba. Amma kak ka bar tsohuwa tsaye da waɗannan gwiwoyi."

Abin da ya zo mini a lokacin ba wani babban tunani ba ne. Na lura kalmomin ba su ce abin hawa zai kai lafiya ba, wannan ba a hannun kowa yake ba. Sai na tambayi kaina ko ni za ni hau wannan jirgi in an ba ni kujera. Na ga za ni hau, da tsoro, amma za ni hau.

Na ce, "Na gani, a hau."

"Madalla," ta ce, ta miƙa wa matar wayar ba ta ko kashe ba. Na ɗan ji ana cewa a matsa gaba, a riƙe fasfo a hannu, sannan layin ya yanke.

Ba mu bar wurin ba sai da ya tashi, wajen la'asar sakaliya. Ya yi gudu mai tsawo kafin ya ɗaga, har na fara zaton filin zai ƙare masa. Taubashina ya bi shi da ido har ya ɓace, ya goge fuska da hularsa, ya ce mu je kada mu rasa motar Isa.

Washegari aka kira aka ce sun sauka. Ruwan shuka ya zo a makon, muka shiga gona. Gwaggo ta yi aikin Hajjinta, wani wurin da ƙafa, wani wurin a keken turawa. Ta dawo a wani jirgi daban, mai injuna biyu, wanda ba wanda ya gano mata. Na tambaye ta yadda ta yarda ta hau. Ta ce mai komowa gida ba a yi masa gani. Ban taɓa jin wannan ƙa'ida ba kafin ranar, mahaifina ma ya ce bai san ta ba, amma bai musa mata ba. Tun daga wannan shekara ba ta sake tafiyar da ta wuce Isa ba.

Shi kuwa jirgin, ban san ƙarshensa ba. Na nemi harufan nan sau da yawa daga baya. Wani wuri an ce yana ajiye, wani wuri an ce an gan shi yana ɗaukar mutane a wata ƙasa.

Taubashina yana cewa ba haka ya faɗa a bakin shinge ba, kuma wai goro uku ya ba mai gadi. Mahaifina yana cewa maganar tukwane ba tasa ba ce. Mai yiwuwa suna da gaskiya. Waɗanda suka tsaya tare da mu a bakin wayar nan, da matan da suka yi layi da Gwaggo, da duk wanda ya san aikin jirage ya ga na karkace a bayanin tsufansu, ina roƙon su aiko mini da gyara. Musamman in akwai wanda ya karanta harufan da ke wutsiyar jirgin a ranar, ina so in sani ko shi ne.